Galjardo Yana Tsibiri

A duk ƙauyukan da ke kewaye da Kanfanar, Nevio Poropat ne mutum na ƙarshe da ya ajiye garmar shanu. Ba wai ya rasa tarakta ba ne. Yana da wata ja a rumfa, kaji na kwana a kanta. Cewa yake yi tarakta ba ta san inda dutse yake ba, sa kuwa ya sani, kuma duk wanda ya taɓa huɗa a jar ƙasar nan tamu, wadda rabinta duwatsu ne, ba zai yi saurin ƙaryata shi ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, magana da mutane ba ta dame shi ba. Amma in ka bi ta bayan gonarsa da hantsi sai ka rantse baƙi ya yi, don hira yake da shanunsa tun daga farkon kunya har ƙarshenta. Barba Nevio, wato Kawu Nevio, kowa ke ce masa, yara da manya, har Fada a coci.

A gidan dutsen da aka haife shi ya tsufa. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana aikin fasa dutse, ya dawo gona da tari da kunne ɗaya mai nauyi. Ya auri Ondina yana da ashirin da huɗu, suka haifi 'ya ɗaya tilo, Tihana, wadda ta yi karatu ta yi aure a Zagreb. Ban da wannan, tarihinsa duk na shanu ne. Idan zai tuna shekarar da aka yi wani abu, sai ya fara tuna wane sa ne a karkiya a lokacin.

Na ƙarshensu su ne Moro a hagu, Galjardo a dama, manyan farare irin namu na gargajiya, masu dogayen ƙahoni da 'yar hular tagulla a kan kowane tsini. Moro na Nevio ne. Galjardo kuwa, ko da wasa ba wanda ya taɓa cewa nasa ne, na Ondina ne. Uwarsa ta mutu wajen haihuwarsa cikin tsakiyar sanyi, Ondina ta naɗe shi da bargo ta kai shi kicin kusa da murhu, ta shayar da shi da kwalba har ya miƙe. Ya girma ya kai girman ɗaki, amma bai daina bin ta wajen shanya ba, yana tura mata hanci a aljihun riga. Nevio kan ce matarsa 'ya'ya biyu ta haifa, kuma mai ƙahon ya fi samun gata.

Tsufa ya ɗauke Moro, aka bar Galjardo shi kaɗai. A kakar shekarar ne, shekara shida ke nan, zuciyar Ondina ta buga mata tana tsinkar inabi, aka kwashe ta zuwa asibiti a Pula aka yi mata aiki. Likita ya ja Nevio gefe ya ce masa abu ɗaya: kada a kawo mata labarin da zai tayar mata da hankali. Nevio ya riƙe wannan magana fiye da yadda likitan ma ya yi nufi.

Kullum da motar safe yake tafiya duba ta. Ran nan ya makara. Ya kai Galjardo wurin kiwo, maimakon ya ɗaure ƙofar shinge da waya kamar yadda ya yi shekara da shekaru, sai ya tura ta kawai ya ruga. Galjardo ya fito ya kama hanyar gida, wasu sun ce uwar ɗakinsa yake nema, ƙafarsa ta gaba ta faɗa tsakanin duwatsu biyu ta karye. Da Nevio ya dawo da la'asar ya tarar da rabin ƙauye a tsaye a wurin. Likitan dabbobi ya zo ya duba, ya girgiza kai. Sa mai wannan nauyi ba a yi masa ɗori.

A nan aka yanka shi. A ƙauyenmu, idan dabbar mutum ta karye, kowane gida yakan zo ya ɗauki kason nama ya biya, don kada asarar ta danne mutum ɗaya. Haka aka yi. Mu duka mun ci naman Galjardo, kuma ba zan ɓoye ba, mai tauri ne.

Washegari Nevio ya shiga ɗakin asibiti, matarsa na kwance da robobi a hannu, abin da ta fara tambaya shi ne ko Galjardo yana cin abinci. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi kansa bai san daga inda ya zo ba. Ya ce mutanen gandun dabbobi na tsibirin Brijuni sun zo neman shanu irin na da, sun ga Galjardo sun yaba, shi kuma ya ga ba zai iya da jinya da kiwo ba, ya ba su. Ya ce yanzu yana can maƙwabcin jakin dawa, ba garma ba karkiya, sai cin ciyawar gwamnati. Ondina ta yi ɗan hawaye, sannan ta ce ai ya cancanci hutu, ta yi barci.

Ƙauyenmu wuri ne da ko akuya ba ta iya ɓoye ciki na sati biyu. Amma wannan magana, bakin kowa ya zama ɗaya har shekara shida. Ondina kan tsaya a ƙofar coci tana ba mata labarin ɗanta da ke tsibiri yana rayuwar manya, su kuma su yi ta gyaɗa kai suna gyara ɗankwali. Nevio in ya ji ta fara, sai ya tuna yana da aiki a rumfa. Abin ya ci shi ƙwarai. Ya rame, ya daina zuwa baje kolin shanu na Kanfanar da bai taɓa fashi ba, kuma har yau bai sake sayen sa ba.

Ondina ta sha cewa a kai ta ta ga Galjardo, tafiyar ma ba ta kai awa biyu ba. Shi kuma kullum da hanzarinsa: yau inabi, gobe zaitun, jibi teku ba ta kwanta ba, gata wa zai ba kaji abinci. Da yake mu manoma ba mu san wani abu wai shi hutu ba, ba wanda ya ga baƙon abu a ciki. Ana haka yanar ido ta fara rufe mata gani, har ya zama daga nesa ba ta bambanta mutum da kututture sai ya yi magana.

Bana suka cika shekara hamsin da aure. Tihana da mijinta Davor da 'yarsu Korina mai shekara tara suka iso daga Zagreb cikin watan Yuni da takarda a hannu: kwana uku a otal a kan tsibirin, an riga an biya, maƙwabciya ta karɓi kaji. Tihana ba ta san komai ba, ita ma tatsuniyar aka ba ta. Nevio ya ce ciyawa ta isa yanka. Davor ya ce ciyawa ba ta da ƙafa. Nevio ya ce gwiwarsa. Ondina ta ce gwiwar da ta hau itacen zaitun shekaranjiya za ta iya hawa jirgi. Ya duba gabas ya duba yamma, ya rasa tudun dafawa.

Daga tashar Fažana zuwa tsibirin, jirgin ruwa bai fi kwata na awa ba. Ondina, da take tsoron ruwa tun tana yarinya, ta zauna a tsakiya ta rungume wata jakar yadi a cinya. Sati guda ta yi tana busar da ɓawon burodi a kan murhu tana barbaɗa masa gishiri, don shi ne abin da Galjardo ya fi so. Duk lokacin da jirgin ya ɗan girgiza sai burodin ya yi ƙaras-ƙaras, Nevio ya kau da kai ya kalli teku.

Ranar farko ta tafi a kallon wuri. Barewa na kiwo a gaban otal ba mai korarsu, ɗawisu na yawo tsakanin tebura yana roƙon abinci. Korina ta shiga ruwa ta ƙi fitowa. Davor, wanda ke ganin duk wanda ya wuce shekara sittin yana bukatar a yi masa bayanin duniya, ya nuna wa surukinsa yadda ake buɗe ƙofa da kati har sau uku. Nevio dai ciyawar filin yake kallo, yana lissafin kura nawa za ta yi. Da cin abincin yamma Tihana ta sanar cewa gobe ƙarfe goma za su hau ɗan jirgin nan mai tayar roba da ke zagaya da baƙi, a kai su gandun dabbobi. Ondina ta ce ba ta jin za ta iya barci. Shi kuwa, taliyarsa ta huce a faranti.

Gari na wayewa ya sulale ya fita, ya bi alamun hanya a ƙafa. Ya wuce jakunan dawa ko kallo ba su ishe shi ba, ya nufi ɓangaren da aka ware wa dabbobin gida irin na ƙasarmu, tumaki da jakuna da shanu. Uku ne a cikin shingen. Biyu matasa, ɗaya tsoho, fari tas, da baƙi-baƙi a kewayen ido da tagulla a ƙaho. Nevio ya tsaya ya dafa shinge. Shekara shida rabonsa da tsayawa kusa da sa.

Wata mata mai kimanin shekara hamsin ta zo da baro cike da ciyawa, da takalman roba har gwiwa. Loredana sunanta, ita ke kula da su. Ta ce masa ba a buɗe ba tukuna. Ya cire hula, abin da ba ya yi sai a coci, ya kwashe labarin kaf ya gaya mata, har da ƙofar da bai ɗaure ba. Ita ce mutum ta farko da ya gaya wa wannan da bakinsa.

"Barba," in ji ta, "ni fa ba zan buɗe baki in ce wa tsohuwa shi ne ba. Sunansa Legro, a nan aka haife shi."

"Ban ce ki ce komai ba, 'yata. Shiru kawai nake roƙo."

"To allon can fa? Sunansa ne a jiki ɓaro-ɓaro."

"Ita ba za ta gani ba. Jikata ce matsalar, komai ta gani sai ta karanta da ƙarfi."

Loredana ta yi dariya ba ta shirya ba. Ta ce mahaifinta ma da shanu ya yi noma a wajen Vodnjan, kuma ita mace ce mai yawan mantuwa, takan rataye rigar aikinta a duk inda ta ga dama. Sai ta tambaye shi ko matar tasa ta san shanu sosai. Ya ce ta sani, amma idon ya tafi. Ta dube shi kamar za ta yi magana, sai ta fasa, ta ci gaba da zuba ciyawa. Ya koma otal da sauƙin zuciya, har ya ci ƙwai biyu.

Ƙarfe goma jirgin ya ɗebe su tare da Jamusawa da 'yan makaranta. Korina ta zauna kusa da kakarta tana yi mata aikin ido: ga jimina can, Kaka, ga wata mai wuyan raƙumi da gashin tunkiya, ga jakin dawa guda biyar da ɗan ƙarami. Ondina na ta cewa madalla, madalla, irin ta wanda aka tsayar da gaisuwa alhali yana sauri. Da aka wuce kusa da giwa ta shaƙi iska ta ce duk girman nan, warin garke ɗaya ne da na kowa. Aka tsaya, direba ya ce minti ashirin.

Rigar Loredana na rataye a kan allon, ita kuma tana can nesa tana wanke kwamin ruwa da himma. Nevio ya riƙe gwiwar hannun matarsa har bakin shinge. Ta saki hannunsa, ta buɗe jaka, ta ɗaga murya irin wadda ba mu ji ba tun kafin asibiti.

"Galjardo. Zo, ɗana. Zo nan."

San gandu ya saba da baƙi, ya san ƙarar jaka. Tsohon ya ɗaga kai, ya tako a hankali har gabanta, ya miƙo hanci. Korina ta yi tsalle tana cewa ya gane ta, ya gane ta. Tihana ta ɗaga waya tana ɗauka tana share ido da bayan hannu. Nevio ya ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗarsa, har ya fara gode wa Allah a zuci.

Ondina ta ba shi burodi ɗaya, ta ba shi na biyu. Ta shafa hancin, ta hau goshi, ta kama gindin ƙaho ta girgiza kaɗan. Daga nan hannunta ya zarce bayan kunne, ya bi ta kan wuya zuwa gaban kafaɗa.

A nan ne Nevio ya tuna abin da ko yaron ƙauyenmu ya sani. Mu ba ma duba sa da ido. Kafin manomi ya tambayi shekaru ko ya buɗe haƙori, wuya yake fara taɓawa, don karkiya tana barin kanta, fata mai kauri ba gashi, wadda ba ta gogewa ko sa ya yi shekara goma yana hutu. Galjardo ya ja garma shekara tara, kuma Ondina ce ke shafa masa man zaitun a wurin duk yamma. Legro kuwa bai taɓa jan ko tsinke ba. Wuyansa sumul yake kamar na ɗan maraƙi. Mutumin da ya yi shekara hamsin a bayan garma, ya tashi da asuba ya ɓoye allo, ya manta da wuya.

Hannun ya je, ya dawo, ya sake zuwa. Sannan ya tsaya. Nevio na kallon yatsun nan masu kumburin gaɓoɓi. Ya jira ihu, ko ta dafe ƙirji ta faɗi, abin da ya yi shekara shida yana gani a mafarki.

Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ci gaba da ciro burodi tana ba san har jakar ta ƙare, ta zazzage masa gishirin a tafin hannu ya lashe. Korina ta tambaya ko ya canza. Ta ce ya yi ƙiba, ana kula da shi. Sai ta ce ƙafarta ta gaji, su je su ga giwa da kyau, ita za ta zauna a bencin can, tsoho ya tsaya da ita.

Suka zauna a inuwar wani itace. Ta ninke jakar gida huɗu ta ɗora a cinya. Shi kuma bai san inda zai ajiye hannuwansa ba.

"Yaushe?" in ji ta.

"Kina asibiti. Kwana huɗu bayan aikin."

Ya gaya mata sauran ba tare da ta tambaya ba, ƙofar, wayar da bai ɗaure ba, duwatsun, likitan dabbobi. Bai rage wa kansa laifi ko kaɗan ba. Ta tambaya ko duk ƙauye sun sani, ya ce sun sani. Ta yi wani ɗan murmushi marar daɗi, ta ce ashe shi ya sa matan coci suke yawan gyara ɗankwali.

"Ni ma na ci?"

"A'a. Ko tsoka ɗaya ba ta shiga gidanmu ba."

"Kana wurin, ko ka bar shi da baƙi?"

"Ni na riƙe kansa. A cinyata."

"Ka yi masa magana?"

"Na yi."

"Me ka ce?"

"Abin da nake ce musu in zan kwance karkiya. An tashi, yaro, mu je gida."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ya ce mata likita ne ya ce kada a tayar mata da hankali, ya ji tsoro kada ya rasa su biyu a sati ɗaya, daga baya kuma kullum ƙaryar na ƙara nauyi, ya kasa ɗaga ta. Ya ce in ta ga dama kada ta sake yi masa magana, ya yarda.

"Ƙofar ba ta dame ni ba, tsoho. Kowa na mantuwa. Ƙaryar ranar farko ma na yafe, ina kan gado, ka yi daidai." Ta juyo da idanun nan masu yana ta saita su a fuskarsa. "Amma shekara shida? Ina kallonka kana ramewa, ina dafa maka wannan ina dafa maka wancan, na ɗauka ciwo ne kake ɓoye mini. Ashe makoki kake yi kai kaɗai a rumfa, ni ina ƙofar coci ina dariya. Ni na ba shi kwalba, Nevio. Kukan nan da rabona a ciki, ka cinye kai kaɗai."



Sai ta ce ya matso. Ya matso, ta jingina goshi a kafaɗarsa, ta fara kuka. Ba mai ƙara ba ne, irin na tsofaffi ne da ke fitowa a hankali yana girgiza baya. Ya kai hannu ya dafa ta, nasa idon ma ya cika, ya bar shi ya zubo. Can bakin hanya direba ya kaɗa ƙararrawa, Jamusawa suka fara hawa. Tihana ta hango su, ta taho da sauri, fuskarta duk tsoro. Nevio ya ɗaga mata hannu ɗaya, ya yi mata alama su tafi, za su biyo na baya.